Sunan Abraham Lincoln a Bakin Mutanen Amurka

Abraham Lincoln ya shugabanci Amurka daga 1861 zuwa 1865, zamanin yaƙin basasa, sa'ad da bayi a ƙasar suka kai kimanin miliyan 4. Tun rasuwarsa ake jayayya a kan matsayinsa game da baƙar fata. Labari iri uku ake bayarwa, kowanne kuwa da hujjarsa.

Na farko shi ne na masu kiransa mai 'yanta bayi. Hujjarsu ita ce shelar da ya sa wa hannu ran 1 ga Janairu 1863, wadda ta buɗe wa baƙaƙe ƙofar shiga soja, har kimanin 180,000 suka yi yaƙi, da kuma ƙoƙarinsa wajen gyara na 13 ga tsarin mulki, wanda ya haramta bauta a 1865. Domin wannan suna ne Martin Luther King ya yi mashahurin jawabinsa a gaban ginin tunawa da Lincoln a 1963.

Na biyu na masu suka ne. Su kan tuna cewa a 1858, wajen muhawara da Stephen Douglas a garin Charleston ta jihar Illinois, Lincoln ya faɗa a fili ba ya goyon bayan baƙaƙe su jefa ƙuri'a ko su yi auratayya da farare. A watan Agusta 1862 ya tara wakilansu biyar a fadarsa, ya shawarce su da ƙaura daga ƙasar. Shelar 1863 ɗin ma jihohin da suka yi tawaye kaɗai ta shafa, ba ta taɓa bayin Kentucky ko Maryland ba. Marubuci Lerone Bennett ya tattara waɗannan hujjoji a mujallar Ebony a 1968, zamanin da matasan baƙaƙe suka gaji da jiran alheri daga hannun farare.

Na uku ya fi ban mamaki. A farkon ƙarni na 20 waɗansu fararen kudu masu son wariya, irin su Thomas Dixon, suka mai da Lincoln nasu, suna cewa da ya rayu da ya kwashe baƙaƙe ya bar musu ƙasa. Watau hujjar da Bennett ya soke shi da ita, da ita su kuma suka yabe shi. Ko ranar da aka buɗe ginin tunawa da shi a 1922, sai da aka ware wa baƙaƙe wurin zama dabam.

To, yaya mutum ɗaya zai ɗauki sura uku? Dalili shi ne ra'ayinsa ya yi ta sauyawa, kowane sashe kuwa ya kan tsinci shekarar da ta dace da bukatarsa ya tsaya a kanta. Wanda ya yi waccan magana a 1858, shi ne ran 11 ga Afrilu 1865 ya nemi a ba baƙaƙen da suka yi soja da masu ilmi ƙuri'a. John Wilkes Booth yana cikin masu sauraro. Bayan kwana uku ya harbe shi.

Frederick Douglass, wanda aka haifa bawa, ya kuma san Lincoln ido da ido, ya auna al'amarin tun 1876. A ganinsa Lincoln shugaban farare ne tun farko, mai nawa in an gwada shi da masu yaƙi da bauta, amma mai sauri da ƙarfin zuciya in an gwada shi da jama'ar da yake mulka.

Abin lura ga malami mai koyar da tarihi ke nan. In ɗalibi ya kawo maganar wani shugaba, sai a tambaye shi shekarar da aka faɗe ta, da mutanen da aka faɗa wa, sa'an nan a tambayi wanda ya tono ta yau da abin da yake nema da ita.