Wasan Kwaikwayo da Gyaran Hali

Jama'a, idan aka ce wasan kwaikwayo, ana nufin mutum ya ari halin wani, da muryarsa da tafiyarsa, ya nuna a gaban 'yan kallo. Hausawa sun san wannan tun kafin a fara buga shi cikin littafi, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949.

Ku dubi wasan gauta. A da, matan fada kan yi shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi yadda kowannensu ke tafiyar da mulki, sarki na zaune yana kallo. Hakimi mai danne talakawa sai ya ga halinsa a fili, ana ta dariya. Maganar da bafade ba ya iya furtawa ta isa kunnen sarki ke nan, ba kuwa wanda za a kama da laifi.