Yadda Ake Cire Wayar Ƙofar Tankin Mota a Gida

A hutun da ya wuce na bi kawuna daga Gummi zuwa Anka cikin tsohuwar Corolla ɗinsa, wadda da ita yake jigilar fasinja yana ciyar da gida. Da muka tsaya shan mai, ya ja ɗan hannun da ke ƙasa kusa da kujerarsa, amma ƙofar tanki ko motsi. Ga la'asar ta yi, ga mai ya kusa ƙarewa, kuma duk wanda ya san hanyar Ɗaki Takwas ya san ba a so dare ya riski mutum a kanta. Wani yaron mota ya zo da sukudireba zai ɓanɓare ƙofar, Kawu ya hana. Sai ya buɗe but, ya yaye shimfiɗar gefe, ya fizgi wata waya da hannu. Nan take ƙofa ta buɗe.

Washegari muka cire wayar a ƙofar gida, shi ne na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda aikin yake.

Wannan waya ba ta lantarki ba ce. Duk wanda ya taɓa gyara birkin keke ya san irinta: siririn ƙarfe ne a cikin riga ta roba. Bakinta ɗaya yana maƙale da hannun da direba ke ja, ɗayan kuwa yana riƙe da 'yar sakatar da ke kulle ƙofar. Ƙurar hunturu ta hanyoyin ƙauyukan Bukkuyum da Anka takan shige cikin rigar, damina ta zo ta kawo tsatsa, wayar ta cije, a yi ta ja da ƙarfi har ta tsinke.

Kafin komai a kashe mota, a tabbata murfin tanki na ciki a rufe yake ram. Ban da taba, ban da fitilar kananzir, gama fetur ba ya wasa. Kayan aiki kuwa sukudireba ne, da filaya, da ƙaramar sifana, da doguwar igiya mai ƙwari.

Za a fara daga gaba. A cire robar da ta rufe hannun, a kwance notin da ke riƙe da shi, a zame kan wayar daga gurbinsa. Daga nan a ɗaga robar dokin ƙofa, ta gaba da ta baya, a ɗage kafet, a bi wayar ana ɓalle ta daga maƙalanta. A yi a hankali, don robar da ta sha ranar Zamfara ba ta da wuyar karyewa. Ni ma na karya biyu. Can cikin but kuma a murɗa sakatar a zare ta.

To, a nan ne igiya take da amfani. Tsakanin kujerar baya da but wayar tana bi ta wani lungu da ido ba ya gani, hannu ba ya shiga. Na yi wuf zan fizge ta, sai Kawu ya riƙe ni, ya ce, "Kai yaro, in ka zare wannan, wa zai nuna wa sabuwar hanya?" Ya ɗaure igiyar a bakin rigar wayar, sannan muka jawo ta ta baya. Waya ta fita, igiya ta zauna a mazauninta. Da muka samo wata wajen masu sayar da kayan mota, ita muka ɗaura wa igiyar, muka ja ta gaba, ta bi sawun tsohuwar.

Kada a mayar da kafet da robobi sai an gwada, kuma a gwada ƙofar tana buɗe, a ga sakatar tana shiga tana fita. Mu sau uku muka ja hannun kafin Kawu ya yarda aka tura ƙofar ta rufe.