Wai su waye "mutane" da kowa ke tsoron bakinsu?

Ɗan'uwa, ka zauna a majalisar samari a Mandawari bayan isha'i, ka tado da maganar lefe. Kowa zai ce abin ya yi yawa. Uban yarinya zai ce shi sadaki ya sani. Uwa kuwa bashin kayan ɗaki da gara ya hana ta barci. To wa ke so? Amsa ɗaya ce: "Mutane za su yi magana."

Ka bi gida-gida, ba za ka samu wanda ya kafa dokar ba. Amma ka kai akwati ɗaya ka gani, sai surutun 'yan ganin lefe ya riga ka isa gida.

Wannan shi ne abin da masanin zamantakewa ɗan Faransa, Emile Durkheim, ya bayyana a 1895: al'umma ba tarin mutane ba ce kawai. Tana da ƙa'idojin da ke wajen zuciyar kowannenmu, mun zo mun tarar da su, kuma duk wanda ya saɓa sai ya ji a jikinsa.

Dubi unguwar kanta. Ana danganta sunanta da Mandawali, ɗaya daga malaman Wangarawa da suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Babu ko mutum ɗaya na wancan zamani da ya rage, amma unguwa tana nan. Mutane sun shuɗe, zaman tare bai shuɗe ba.

Kada ka ɗauka duk nauyi ne. Ƙarfin da ke tilasta maka akwatuna, shi ne ke cika ƙofar gidanku ranar jana'iza ba tare da katin gayyata ba.

Amma abin da jama'a suka ɗaura, mutum ɗaya ba ya kwance shi. Da Hukumar Hisbah ta Kano ta fara auren zawarawa a 2012, an aurar da mata da yawa rana guda da kaya iri ɗaya, gori ya rasa wurin zama.

Saboda haka ka daina faɗa da surukanka kai kaɗai. Ku haɗu, ku samu mai unguwa da liman da iyaye mata, a tsayar da magana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu ne fa "mutanen".