Jiki Magayi: Inda Sabo Yake Zaune a Jikin Ɗan Adam

A kasuwar Wurno, baƙo ne ke toshe hanci idan ya ratsa layin masu tafarnuwa. Wanda ya wuni zaune a kan buhunanta kuwa, cewa zai yi shi bai ji komai ba. Haka manomin rani a ƙasan madatsar ruwan Goronyo ke cin tuwo da yajin da zai sa ɗan birni hawaye. Mukan ce sabo ne. Yau masana sun gano inda sabon nan yake zaune.

Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, amma a rufe take cikin ƙoƙon kai, sai abin da jijiyoyi irin na fata da harshe da hanci suka kai mata. A 1997 David Julius na Jami'ar Kalifoniya ya gano wata 'yar ƙofa a jikin jijiya, mai suna TRPV1, wadda sinadarin barkono ke buɗewa. Zafin da ya haura digiri 43 ma ita yake buɗewa. Ashe Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ce barkono zafi gare shi, domin a wurin jijiya yaji da wuta saƙo ɗaya ne. A 2005 aka tabbatar ɗanyar tafarnuwa na buɗe wata ƙofar, TRPA1. A 2010 Ardem Patapoutian ya gano ƙofofin Piezo, masu jin taɓawa da matsi. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta 2021.

To ina sabo ya shigo? Idan aka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya, jijiya takan rage amsawa, ƙwaƙwalwa kuma ta daina kula da saƙon da ba ya sauyawa, ta ajiye hankalinta ga sabon abu. Likitoci sun ci moriyar wannan: akwai filastar sinadarin barkono da ake manna wa masu raɗaɗin jijiya don ta lafa.

Sai dai akwai shirun da ba na sabo ba ne. Ciwon suga da kuturta suna lalata jijiyoyin ƙafa. Manomi a fadamar Rabah sai ƙaya ta soke shi yana ban ruwa, bai ji ba, ya ɗauka taurin ƙafa ne irin na mazan jiya. Bayan makonni gyambo ya kafu.

Don haka mai ciwon suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare. Wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa, ya taɓa bai ji ba, ya garzaya asibiti. Kuturta tana warkewa, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta. Jiki magayi ne. Ranar da ya yi shiru, kada mu yi sake.