Shirin Musamman: Sa Hannun Akanta da Dukiyar Matameye

Yau shirin namu na ɗaliban da suka samu takardar bak ta kammala sakandare ne da iyayensu, kuma magana ce a kan aikin akanta, wanda a nan muka fi sani da kwantabil.

Matameye gari ne na ciniki. Kaya na shigowa ta iyakar Ɗan Barto daga Daura da Kano, rake da hatsi da dabbobi na fita, kuɗi na juyawa tsakanin naira da sefa. Amma ku leƙa shagon babban ɗan kasuwa ku ga inda lissafin yake: wani a littafin 'yan makaranta da bangonsa ya yage, wani a bayan kwalin sukari, mafi yawansa a kan alhaji. Ranar da naira ta faɗi, ba ya iya tantance riba ya ci ko uwar kuɗi yake ci. Ranar da ya kwanta dama, magada su rasa wa ke binsa, wa yake bi. Wannan giɓin shi ne aikin da ke jiran 'ya'yanmu.

Sai dai riƙe littafin kuɗi daban, zama akanta mai lasisi daban. A Nijar, dokar shekarar 2003 ce ta kafa ƙungiyar akantoci ta ONECCA, kuma sai wanda sunansa ke cikin rajistarta ke da izinin buɗe ofishin kansa ya sa hannu a lissafin kamfanoni. Mai neman matakin ƙoli yana bin tsarin DECOFI na ƙasashen UEMOA masu amfani da sefa: karatu mai zurfi da jarrabawar DESCOGEF, sai shekara 3 na koyon aiki a hannun ƙwararre, sannan jarrabawar ƙarshe. Ƙa'idar da zai yi aiki da ita, SYSCOHADA, wadda aka sabunta ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, ita ce ta ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci. Wanda ya ƙware a kanta a Damagaram, ba baƙo ba ne a Kwatano ko Dakar.

Wani uba zai ce hanyar ta yi tsawo, ga tsada, ga zama a Yamai ko ƙetare. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye wa yaro ba. Amma hanya ce da ake cin abinci a kanta tun kafin a kai ƙarshe. Mai digirin farko yana iya riƙe lissafin ƙungiyar manoma, ko asusun ajiya da lamuni, ko ma'aikatar magajin gari, yana tara kuɗin mataki na gaba. Wani kuma zai ce ai kwamfuta ta ƙwace aikin. Kwamfuta tana tara lambobi, amma ba ta amsa tambaya a gaban jami'in haraji, ba kuma ita ake tuhuma ba idan lissafi ya zama ƙarya. Sa hannun mutum ake saya, da amanar da ke bayansa.

Ƙorafi mafi nauyi na 'yan kasuwa ne da kansu: tsoron kada a buɗe sirrinsu haraji ya hau su. To, doka ta ɗora wa akanta riƙe sirri, kuma OHADA ta tanadi lissafi mai sauƙi na shiga da fita ga ɗan kasuwar da cinikinsa bai kai sefa miliyan 60 a shekara ba. Wanda ba shi da takarda shi ne ake yanka wa haraji da ƙiyasi, shi ne banki ke hana wa bashi, shi ne kwangilar gwamnati ke wucewa ta gabansa. Kuma alhaji ya fi sakin jiki da ɗan gari mai jin Hausa, wanda ya san jika da dala, a kan baƙon da zai zo daga Yamai sau ɗaya a shekara.

Don haka, iyaye, yaron da kuka ga yana da kan lissafi, mace ko namiji, kada ku tsayar da shi a bakin kanta. 'Yan kasuwa kuma ku buɗe wa ɗalibanmu ƙofar koyon aiki tun wannan hutun.