Hoton Sarki Vlad Mai Tsirewa a Finafinan Tarihi

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan bambancin da ke tsakanin tarihi da tarihihi, da kuma yadda fim yake yin aro daga kowanensu. A wannan babi kuwa za a ɗauki mutum guda a matsayin zakaran gwajin dafi, wato Vlad na III, sarkin ƙasar Walakiya da ke kudancin Romaniya ta yanzu, wanda duniya ta fi saninsa da laƙabin Dirakula. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, masu shirya finafinai ba su ƙago hoton wannan sarki da ka ba. Kowane fim yakan ɗauki ɗaya ne daga cikin hotunan da aka riga aka zana masa tun ƙarni na 15, gwargwadon ƙasar da aka shirya fim ɗin da kuma bukatar waɗanda suka shirya shi. Ma'aunin da za a yi amfani da shi kuwa shi ne yadda kowane fim ya nuna hukuncin tsirewa, wato wa aka tsire, kuma da wace hujja.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Vlad

An haifi Vlad a tsakanin shekarar 1428 da 1431. Mahaifinsa, Vlad na II, ya shiga wata ƙungiyar mayaƙan Kirista mai tambarin wani ƙaton maciji na almara, wanda daga sunansa ne ya sami laƙabin Dracul. Ashe ke nan Dirakula ba ta nufin komai face "ɗan Dracul". Sai dai kuma a harshen Romaniya kalmar tana ɗauke da ma'anar shaiɗan, kuma wannan harshen damo ya yi wa abokan gaba amfani ƙwarai daga baya.

Walakiya ƙaramar ƙasa ce da ta tsinci kanta tsakanin giwaye biyu: masarautar Hangari a arewa, da Daular Usmaniyya ta Turkawa a kudu (a lura, ba ta Sakkwato ake nufi ba). A wajajen 1442 aka riƙe Vlad da ƙanensa Radu a hannun Sarki Muradu na II a matsayin jinginar biyayyar mahaifinsu. A 1447 aka kashe mahaifin nasu da yayansu Mircea. Vlad ya hau gado sau uku: na 'yan makonni a 1448, sai mai tsawo daga 1456 zuwa 1462, sai kuma na ƙarshe a 1476. A hawansa na biyu ne ya yi duk abubuwan da suka sa ya yi suna. Ya karya lagon manyan attajirai da masu sarauta na ƙasarsa, ya kai farmaki kan Jamusawa 'yan kasuwa na biranen Brașov da Sibiu a Taransilbaniya, sa'an nan ya daina biyan gandu ga Turkawa. A daren 17 ga Yuni, 1462 ya afka wa sansanin Sarki Muhammadu na II, wanda ya ci Kustantiniyya da yaƙi a 1453, amma bai sami kashe shi ba. Kafin shekarar ta ƙare Radu ya karɓe gadon da taimakon Turkawa, shi kuwa Vlad sarkin Hangari, Matthias Corvinus, ya tsare shi fiye da shekara goma. An kashe shi a fagen fama a ƙarshen 1476 ko farkon 1477.

3.2 Tushen Labaransa

Tun Vlad yana da rai labaransa suka rabu gida-gida. Na farko su ne na Jamusawa, waɗanda ya taɓa wa dukiya da rayuka. A 1463 mawaƙin nan Michael Beheim ya tsara doguwar waƙa a kansa, kuma da injin ɗab'i ya bazu sai aka riƙa buga ƙananan ƙasidu a birane irin su Nuremberg tun daga 1488. A cikinsu ne aka fito da sanannen zanen nan da ke nuna shi yana cin abinci a tsakiyar mutanen da aka tsire. A waɗannan ƙasidu Vlad mahaukaci ne mai jin daɗin azabtarwa kawai.

Na biyu shi ne labarin da aka rubuta a Rasha a ƙarshen ƙarnin, wanda ake danganta wa jakada Fyodor Kuritsyn. Wannan bai ɓoye muguntar ba, amma ya haɗa ta da tsantsar adalci, wato sarki ne da ba ya duban fuskar babba ko yaro. Labaran baka na manoman Romaniya sun ƙara gaba a kan haka. Alal misali, akwai labarin ƙoƙon zinariya da ya ajiye a bakin wata rijiya don matafiya su sha ruwa, kuma har ya bar gado ba wanda ya yi ƙarfin halin sace shi. Sai na ƙarshe, wato marubutan fadar Turkawa da na Girka, waɗanda a wurinsu shi bara ne da ya ci amanar uban gidansa. Marubucin tarihin nan Chalkokondyles shi ya ba da labarin filin da Sarki Muhammadu ya tarar a kusa da birnin Târgoviște, cike da gawawwaki kimanin 20,000 a kan itatuwa.

Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan labarai babu inda aka ce Vlad ya tashi daga kabari yana shan jinin mutane.

3.3 Yadda Aka Haɗa Shi da Mashayin Jini

Mashayin jini a camfin Gabashin Turai gawa ce da ke fitowa da dare tana tsotse jinin masu rai. Ya sha bamban da maye na Bahaushe, wanda shi rayayye ne kuma kurwa yake kamawa. Wanda ya sanya wa wannan fatalwa sunan Dirakula shi ne Bram Stoker, a ƙagaggen labarinsa na 1897. Takardun shirinsa sun nuna cewa da farko "Wampyr" ya raɗa wa tauraron nasa, sai a 1890 ya ci karo da sunan Dirakula a wani littafi na William Wilkinson a ɗakin karatu na garin Whitby, ya ga ya dace. Ko sau ɗaya sunan Vlad bai fito a labarin ba, haka nan ba a ambaci tsire mutane da ya yi ba. Saboda haka finafinan farko, irin su na Bela Lugosi na 1931 da na Christopher Lee na 1958, ba su da wata hulɗa da sarkin Walakiya.

Wani fim na Turkiyya mai suna Drakula İstanbul'da, na 1953, ya riga sauran finafinai ƙulla wannan dangantaka, amma ba ta yi ƙarfi a duniya ba sai bayan da Raymond McNally da Radu Florescu suka fitar da littafinsu In Search of Dracula a 1972. Tun daga nan duk mai son shirya fim a kan Vlad dole ya yanke shawarar yadda zai yi da inuwar Stoker, ko dai ya rungume ta ko ya yi faɗa da ita.

3.4 Vlad na Romaniya

Fim ɗin da ya fi kowane yin faɗa da ita shi ne Vlad Țepeș na 1979, wanda Doru Năstase ya ba da umurni, Ștefan Sileanu kuma ya fito a matsayin sarkin. An shirya shi ne a zamanin mulkin gurguzu na Nicolae Ceaușescu, lokacin da gwamnati take ɗaukar nauyin manyan finafinai a kan jaruman ƙasa, kamar Mihai Viteazul na 1971. Shekara uku kafin fitowarsa, wato a 1976, an yi bikin cikar Vlad shekara 500 da rasuwa har da buga kan sarki mai hotonsa. Littafin Stoker kuwa ba a buga shi a ƙasar ba a duk tsawon wannan mulki, sai a 1990.

Fim ɗin ya taƙaita ne ga shekarun 1456 zuwa 1462. Vlad ɗin da ke cikinsa mutum ne mai natsuwa da kaifin basira, ba ya hukunci cikin fushi. Akan yi tsirewa, amma kafin a yi ta an riga an nuna wa mai kallo laifin wanda za a hukunta: ko basarake maci amana, ko ɓarawo, ko ɗan kasuwa mai zagon ƙasa. Munanan labaran da aka san shi da su kuwa, fim ɗin ya mayar da su ƙage da sharrin maƙiya. Wato ke nan an ɗauki Vlad na labaran baka an ɗora shi a majigi. Ta fuskar sunayen mutane da jerin aukuwar abubuwa, babu shakka wannan fim ya fi sauran kusanci da tarihi. Amma kusanci da tarihi daban, gaskiya daban. Ceaușescu ya daɗe yana nuna kansa a matsayin mai kare 'yancin ƙaramar ƙasa a tsakanin manyan dauloli, musamman tun da ya ƙi sa hannu a mamaye Cekosulobakiya a 1968. Fim ɗin da ke koyar da cewa ƙasa ba ta tsira sai da shugaba mai ƙarfin hannu, kuma duk mai sukarsa ɗan koren baƙi ne, ba sai an tambayi wanda yake yi wa aiki ba.

3.5 Vlad na Amurka

Finafinan Amurka sun bi wata hanya daban, domin su kasuwa suke nema, kuma kasuwa Dirakula ta sani ba Vlad ba. Fim ɗin Francis Ford Coppola na 1992 ya buɗe da shekarar 1462, inda Gary Oldman ya fito cikin jan sulke yana yaƙi da Turkawa. Ana nuna tsirewar ne a inuwa, baƙaƙen siffofi a kan jan sararin samaniya, tamkar wasan 'yartsana. Da ya dawo ya tarar matarsa Elisabeta ta kashe kanta saboda labarin ƙarya da aka aiko mata na mutuwarsa, sai ya yi ridda, ya soki gicciye, ya sha jinin da ya kwararo. Akwai labarin baka na wata matarsa da ta faɗa kogi daga ganuwar Poenari, to amma riddar da shan jinin ƙari ne na marubucin fim. A nan tarihi 'yan mintoci kaɗan aka ba shi, don kawai a samar wa dodo dalilin da zai sa a tausaya masa.

Dark Prince: The True Story of Dracula, na 2000, ya yi iƙirarin ba da labarin gaskiya tun daga sunansa, kuma ya kawo zaman jingina da rikicinsa da Radu. Duk da haka a ƙarshe sai da ya nuna alamar cewa Vlad ya tashi bayan mutuwa.

Wanda ya fi yin nisa shi ne Dracula Untold na 2014, wanda Gary Shore ya ba da umurni, Luke Evans ya fito a Vlad. A nan an mayar da shi yariman Taransilbaniya, ƙasar da bai taɓa mulka ba. An nuna cewa tsirewar da ya yi ya yi ta ne a lokacin da yake sojan Turkawa, daga baya ya tuba ya koma gida ya zama uba nagari. Da sarkin Turkawa ya nemi a ba shi yara maza 1,000 har da ɗan Vlad, sai ya je kogo ya karɓi ƙarfin mashayin jini don ya ceci jama'arsa, kuma a ƙarshe ya kashe Muhammadu da hannunsa. A tarihi kuwa Muhammadu ya rasu ne a 1481, bayan Vlad da shekara huɗu. Dabarar da aka yi a nan ta fi kuskuren shekaru muhimmanci: an ɗauke laifin tsirewa daga kan Vlad an ɗora wa waɗanda suka rene shi.

3.6 Vlad na Turkiyya

A finafinan Turkiyya sunansa Kazıklı Voyvoda, wato basarake mai tsirewa, kuma shi ne mugun da jarumi yake zuwa ya hukunta. Haka ya fito a fim ɗin Kara Murat na 1972 da Cüneyt Arkın ya jagoranta, haka kuma a Deliler na 2018, inda Erkan Petekkaya ya fito da shi a matsayin azzalumi da talakawansa suke jiran wanda zai cece su daga hannunsa. Abin da fim ɗin Romaniya ya kira kare ƙasa, nan cin amana ne. Kashi na biyu na shirin Rise of Empires: Ottoman, wanda Netflix ta saki a Disamban 2022, ya ɗan sassauta, domin ya haɗa wasa da bayanan masana tarihi, ya kuma bai wa Vlad dalilansa. Sai dai ya gina jigonsa a kan cewa shi da Muhammadu sun tashi tamkar 'yan'uwa a fada, alhali abin da majiyoyin tarihi suka tabbatar shi ne kusancin Muhammadu da Radu.

3.7 Waɗanda Ba a Nunawa

Akwai wata takarda da ta dace a aza kusa da duk waɗannan finafinai. A ranar 11 ga Fabrairu, 1462 Vlad ya rubuta wa Matthias Corvinus wasiƙa yana ba shi rahoton harin da ya kai a garuruwan bakin kogin Danub. Da kansa ya lissafa cewa an kashe mutum 23,884, Turkawa da mutanen Balgeriya, maza da mata, tsofaffi da yara, ban da waɗanda aka ƙone a cikin gidaje. Wannan ba ƙasidar maƙiyi ba ce balle a ce ƙage ne, kuma da yawa daga cikin mutanen Balgeriya na lokacin Kirista ne kamarsa. Fim ɗin 1979 yana bukatar duk wanda aka kashe ya zama mai laifi. Fim ɗin 2014 yana bukatar su zama sojojin mamaya. Finafinan Turkiyya suna nuna talakawan da aka zalunta, amma a matsayin hujjar zuwan rundunar sarki, kuma ba sa tsayawa a kan gandun da ƙaramar ƙasar take biya kowace shekara, wanda shi ne tushen rikicin. Babi na huɗu zai ɗauki yadda waɗannan finafinai suka sarrafa sutura da kiɗa da haske wajen jan ra'ayin mai kallo zuwa ɓangaren da suke so.