Maganin Wankin Ciki: Ruwan da Yake Fita, Daga Jikinka Aka Ɗebo Shi

Duk wanda ya bi Titin Koudoukou a unguwarmu ta Kilomita Biyar a nan Bangui, daga wajen kasuwa zuwa babban masallaci, ba zai rasa ganin masu tallar magani a tire ko a kan tebur ba. Cikin abin da aka fi saye har da maganin wankin ciki: ƙananan ƙwayoyi na bisacodyl, da ganyen filasko a ƙulle, da man zurma a kwalba. Mutum ya kwana uku bai yi bayan gida ba, sai ya saya ya sha, cikin ya tsinke, ya ce alhamdu lillahi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wannan ruwan da ya fita, daga ina ya fito?

Ni malamin makaranta ne, kuma darasin yadda abinci ke narkewa yana cikin abin da nake koya wa yara. A kowace rana kusan lita 9 na ruwa ke bi ta hanjin babban mutum, idan aka haɗa abin da ya sha da yawu da ruwan ciki. Hanji yana mayar da kusan dukkansa cikin jini, abin da ke fita da bayan gida bai cika wuce mililita 200 ba. Maganin wankin ciki wannan tsarin yake taɓawa. Irin su lactulose da gishirin magnesium suna jawo ruwa su tara shi cikin hanji domin kashi ya yi laushi. Filasko da bisacodyl kuwa zuga hanji suke yi ya yi ta motsi, ruwa ya wuce tun kafin a tsotse shi.

Da jini ya rasa ruwa, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe wanda ya rage. Shi ya sa fitsari ke raguwa, ya yi duhu, ya yi wari. Lafiyayyen babba yakan yi tsakanin mililita 800 zuwa lita 2 a rana. Idan ya gaza mililita 400, likitoci na ɗaukarsa alamar haɗari, don ƙodar da jini bai isar mata ba tana iya samun rauni. Filasko kansa yana rina fitsari ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa, wannan ba ya cutarwa. Yawan fitsarin ne abin lura.

Zawo kuma yana tafiya da sinadarin potassium. Idan ya yi ƙasa, jiki ya mutu, ƙafa ta riƙa ɗaurewa, bugun zuciya ya rikice, hanji ma ya yi sanyi. Sai cikin ya sake ƙullewa, mutum ya ƙara ƙwaya, ana maganin ƙaba kai na kumbura.

A damina da ta wuce wata ɗalibata ta kwana biyu ba ta zo aji ba. Da na leƙa gidansu, kakarta ce kwance. Na ce, "Inna, me aka sha?" Ta ce, "Malam, filasko ne kawai, da 'yar ƙwaya biyu da dare. Wai cikin ne ya ƙi." Tana kuma shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ga diclofenac na ciwon gwiwa, kuma tun asuba ba ta yi fitsari ba. Aka kai ta asibiti, aka sa mata ruwa, Allah ya ba ta lafiya. Waɗannan ukun idan suka haɗu a jikin tsoho, ƙoda ce ke shan wahala.

Hukumomin ƙasashen waje ma sun ja kunne. A watan Janairun 2014 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wuce awo ɗaya cikin sa'o'i 24 na maganin wankin ciki mai sodium phosphate na iya lalata ƙoda da zuciya, har ya kai ga mutuwa. A Agustan 2020 Birtaniya ta rage yawan ƙwayoyin filasko da bisacodyl da ake sayarwa a kanti, ta kuma hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 sai da umarnin likita. Mu a nan, yaro ma ake aika ya sayo.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da gumi ya yi yawa, famfo kuma yakan ɗauke. Idan azumi ya faɗo a nan, abin ya ninka. Bisacodyl yana aiki bayan sa'o'i 6 zuwa 12, ke nan wanda ya sha da sahur zawo zai same shi da rana tsaka, lokacin da ba zai iya mayar da ruwa ba.

To me za a yi? A fara da ruwa da abinci: kuɓewa, ganyen rogo, wake, gwanda, mangwaro, kunun tsamiya, da ɗan tattaki. Idan sai an sha magani, a tsaya ga awon da ke jikin takarda, kada a haɗa iri biyu, kada a wuce kwana 5 a jere ba a ga likita ba. In zawo ya yi yawa, a kaɗa fakitin gishiri da sukari na ORS cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta a riƙa kurɓa. Mai ciki, da mai ciwon ƙoda ko zuciya ko sukari, su tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

Wanda ya yi sa'o'i 12 babu fitsari, ko jiri ke ɗibarsa in ya miƙe, ko ya fara ruɗewa, asibiti za a nufa da shi nan take. Haka wanda cikinsa ya kumbura, yana amai, ko tusa ba ta fita: kada a ba shi maganin wankin ciki ko kaɗan, don wataƙila hanji ne ya toshe.